Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jakar Gaggawa da Ajiyar Ɓoye ga Makiyayan Rumbu

 

Darasinmu na wannan karo a kan abu biyu ne: jakar da za ka sunkuta in tashi ya kama ba shiri, da kuma ajiyar da za ka tanada a wani wuri daban domin ranar da abin hannu ya ƙare ko ya ƙone. Na rubuta shi ne da tunanin mutanen kwamin ɗin Rumbu da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, amma duk mai kiwo tsakanin Tarka da kudu zai ga kansa a ciki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ranar taron ƙungiya ko a bakin rijiya.

Me ke tayar da mu ba shiri?

Rumbu tana daidai inda gona ke ƙarewa daji ya fara, kusa da kwarin Tarka. Wannan zama yana da albarka, yana kuma da haɗari. Abubuwa huɗu ne na fi ganin suna raba makiyayi da mazauninsa.

Na farko wutar daji. Daga watan Oktoba, in haki ya bushe kuma iska ta taso, wuta na iya cinye makiyaya mai faɗi cikin yini guda. Abin mamaki, shekarar da damina ta yi kyau ita ce ta fi haɗari, domin haki ya yi kauri.

Na biyu fari. Dattawanmu ba su manta da 1973 da 1984 ba, matasa kuma sun ga 2005 da 2010.

Na uku ruwa. A 2010, bayan daminar 2009 ta gaza, bisashe sun kai ƙarshen rani a rame. Da ruwan sama ya zo da ƙarfi, sanyi da ambaliya suka ƙarasa da yawa daga cikin waɗanda yunwa ta bari. A 2024 ma jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna.

Na huɗu cuta da rashin tsaro. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan, ya kashe bisashe da mutane. Masu gangarawa kudu kuma sun san halin da ake ciki a wajen Madarumfa da Gidan Rumji saboda ɓarayin shanu.

Waɗannan masifu ba gudunsu ɗaya ba. Wuta mintoci take ba ka. Ruwa yana iya ba ka dare guda. Fari kuwa watanni yake yi yana sallama, sai dai mu ƙi amsawa. Saboda haka na kasa shirin gida uku: abin da ke jikinka, abin da jaki ko amalanke zai ɗauka, da abin da ke jiranka a wani wuri.

Kashi na ɗaya: jakar da ba ta rabuwa da kai

Wannan ƙaramar jaka ce, burgami ko jakar baya, wadda yaro ɗan shekara 12 zai iya gudu da ita. In ta fi haka nauyi, ranar wuta za a jefar da ita. Ga abin da ya kamata ya shiga:

- Takardu: katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, katin rigakafin bisashe, katin ƙungiya da rasit na haraji. A naɗe su cikin leda biyu. A ɗauki hotonsu da salula, a aika wa wani ɗan uwa da ke gari.
- Kuɗi kaɗan, ƙananan takardu. Jika goma dunƙule ba ta da amfani a ƙauyen da babu canji. A raba su biyu, rabi a jaka, rabi a jiki.
- Salula da caja, da ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana in da hali.
- Lambobi a rubuce a takarda: na mai gari ko arɗo, na ma'aikacin kiwo, na likita mafi kusa, na shugaban ƙungiya. Salula na mutuwa, takarda ba ta mutuwa.
- Tocila da batir, ashana cikin kwalba mai murfi, wuƙa, allura da zare.
- Gorar ruwa, da ƙwayoyin Aquatabs na tsabtace ruwa. Irin da aka saba sayarwa a nan, ƙwaya ɗaya ga lita 20 ne na ruwa mai haske, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi, a tace shi da ƙyalle tukuna.
- Cimakar da ba ta buƙatar wuta: dabino, ƙuli-ƙuli, cuku, garin rogo, gyaɗa soyayya, sukari da gishiri.
- Magungunan mutane: farasitamol, sabulu, bandeji, da ƙunshin gishirin zawo. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na sukari kullum ya ware na kwana bakwai.

In ƙunshin gishirin zawo ya ƙare, ga yadda ake haɗa shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi.

Jakar ta kasance tana da mazauni ɗaya wanda kowa a gida ya sani, a rataye kusa da ƙofa. Kuma a yi guda biyu. Sau da yawa in abu ya faru maigida yana daji ko kasuwa, mata da yara ne a gida. Uwargida ta riƙe tata, da takardun awo da na rigakafin yara a ciki.

Kashi na biyu: kayan jaki da amalanke

Wannan na kwana uku ne, lokacin da ake buƙata a kai wata rijiya ko wani gari. Mu yi lissafi da gida mai mutum 8.

Ruwan sha kaɗai, lita 3 ga kowane mutum a yini shi ne mafi ƙaranci, a bazara ma ya fi haka. Lita 24 ke nan a yini, lita 72 a kwana uku, wato jarka uku masu lita 25. Hatsi kuma, rabin kilo ga mutum a yini: kilo 12 a kwana uku, kamar tiya 5. A ajiye shi a niƙe ko a surfe, domin ba za a sami zaman daka ba. A ƙara tukunya ɗaya, tabarma, bargo, gidan sauro, leda babba ta rufe kaya, da gatari.

Sai abin da aka fi mantawa: guga, igiya mai tsawo da kwami. Rijiyoyin yankinmu masu zurfi ne. Ka kai bakin ruwa ba igiya, daidai kake da wanda bai zo ba, sai ka jira alfarmar wani bayan ya gama shayar da nasa. Saniya na shan lita 25 zuwa 40 a yini gwargwadon zafi, tunkiya ko akuya lita 3 zuwa 5. Ba wanda zai iya ɗaukar wannan a jarka, don haka tanadin ruwan garke shi ne sanin rijiyoyin hanya da yin magana da masu su tun kafin buƙata ta taso.

Kada a manta da jakin kansa. Shi zai ɗauki kayan, amma shi ne na ƙarshe a wajen dusa da magani. A duba ƙafafunsa da bayansa, a gyara akumari, a duba tayoyin amalanke.

Akwatin maganin bisashe

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne aka fi yin asara. Tafiyar gaggawa tana haɗa garke da yunwa da gajiya, tana kuma cakuɗa shi da baƙin bisashe a bakin rijiya. Lokacin ne cuta ke samun ƙofa.

Abu na farko ba ya shiga akwati ma, wato rigakafi. Kowace shekara gwamnati na yin allurar ciwon huhu na shanu da ta annobar awaki da tumaki. Wanda ya bari ta wuce shi ya riga ya tafi da rami a jakarsa. Kuma kada wani ya sayar maka da ruwan rigakafi ka ajiye. Yana buƙatar sanyi tun daga inda aka yi shi har zuwa jikin dabba, in ya sha zafi ya zama ruwan banza.

Abin da ke shiga akwati:

- Maganin tsutsar ciki, kamar albendazol. Ba a ba dabbar da ke farkon ciki.
- Ivamektin domin tsutsa, ƙazuwa da ƙwarin fata.
- Oksitetarasikilin mai dogon aiki, domin ciwon da ma'aikacin kiwo ya ce ya dace da shi.
- Maganin feshin rauni, aidin, auduga da sabulu.
- Sirinji biyu da allurai, da ƙaramin gwangwanin tafasa su.
- Safar hannu ko leda mai tsabta domin karɓar haihuwa.
- Man gyaɗa rabin lita, domin kumburin ciki.
- Gishiri, sukari da kanwa.
- Igiya da dabaibayi.

A sayi magani a wurin likitan dabbobi ko mataimakansa. Dakoro na cikin wuraren farko a Nijar da aka kafa tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa da mataimakan kiwo a ƙauyuka, don haka ba mu da hujjar sayen na tebur da ya yini a rana a kasuwa. A ranar sayen, ka sa ma'aikacin ya nuna maka awon kowane magani ga saniya, ga tunkiya, ga ɗan akuya, ya yi maka alama a jikin kwalba. Ya gaya maka kuma kwana nawa za a ƙaurace wa nono da nama bayan allura. Rage awo don magani ya yi auki ba tattali ba ne: dabba ba ta warke ba, cutar kuma ta saba da maganin.

Zafi ne babban maƙiyin akwatin nan. A naɗe shi da bargo, a sa shi a inuwa, kada a ɗora shi saman kaya. A duba ranar lalacewar kowane magani sau biyu a shekara.

Gargaɗi guda: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutum. Haka in ɓari ya yawaita a garke, kada a taɓa ɗan tayi ko mahaifa da hannu tsirara, a dafa nono kafin a sha, a kira ma'aikacin kiwo nan take.

Kashi na uku: ajiyar da ke jiranka

Ajiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Rumbu da rufewa, ɗora harawa a kan itace, barin buhu a wurin amini a gari, ba da saniya habbanaye ga ɗan uwa a wani yanki, duk hikima ɗaya ce: kada dukiya ta kwana wuri guda. Abin da nake so mu ƙara shi ne tsari.

Ba garke duka za ka ciyar ba, babu mai iyawa. Zaɓi uwar garke: matan da ke da ƙarfi, masu ciki da masu shayarwa, da namiji ɗaya nagari. Mu ce shanu 5 da ƙananan bisashe 10. In kowace saniya za ta sami kilo ɗaya da rabi na dusa a yini bisa ga ɗan hakin da ta samu, kilo 7 da rabi ke nan. Ƙananan kuma giram 300 kowace, kilo 3. Jimla kilo 10 da rabi a yini, kilo 315 a wata, wato buhu 6 masu kilo 50 da ɗan saura. Wanda ke son ya tsallake Mayu da Yuni sai ya ninka.

Ina kuɗin za su fito? Daga garken. A watan Oktoba zuwa Disamba bisashe na da ƙiba, dusa da hatsi na da sauƙi. A watan Yuni abin ya juye: dabba ta rame, buhu ya hau. Tsohuwar saniya ko bijimin da ka fitar a kasuwar Sakabal da kaka zai sayi buhunan da uku irinsa ba za su saya ba a ƙarshen rani. Na san rabuwa da dabba mai lafiya akwai ciwo. Amma wanda ya ga 2010 ya san ciwon da ya fi wannan.

A raba ajiyar wuri uku.

Wuri na farko, bankin abincin bisashe ko bankin cimaka na ƙungiya. Nan ne manyan buhuna za su zauna, bisa katako, nesa da bango, da rasit a hannunka. Kafin ka zuba, ka tambayi wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke riƙe da littafi. Kada su zama mutum ɗaya.

Wuri na biyu, gidan amini a kan hanyar da ka saba bi, tafiyar yini ɗaya ko biyu daga mazauninka. A bar masa buhu ɗaya ko biyu, da igiya da guga na biyu. A ƙirga a gaban shaidu biyu, ba don rashin yarda ba, don rai da mutuwa.

Wuri na uku, ajiyar ƙasa. Wannan ƙarama ce, ta ceton rai. A sami jarka ko duron roba mai murfi da ke rufuwa gam, wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba. A zuba hatsi busasshe sarai, wanda in ka ciza zai ƙaras. A cika shi har baki domin iska ta ragu, a liƙe murfin da leda. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Wannan ita ce hikimar buhun PICS mai riɓi uku, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Buhun ya dace da ɗaki, amma a ƙasa roba mai tauri ta fi, saboda ɓera da gara.

A haƙa a kan tudu, ba a fadama ko hanyar ruwa ba, nesa da gidan tururuwa da suri. Zurfin ya kai yadda kamu guda na ƙasa zai rufe saman murfin. A zuba toka a ƙasa da gefe. A shaida wurin da abu biyu da ba sa gushewa, kamar rijiya da babbar aduwa, a ƙirga taku. Kada a dogara da itace ɗaya, wuta ko gatari na iya ɗauke shi. Mutum uku su san wurin: kai, uwargida, da babban ɗa ko ɗan uwa. Ajiyar da mutum ɗaya ya sani, in ya faɗi ta zama ta ƙasa.

Abin da ke shiga ƙasa: hatsi, wake, gishiri, sukari, kanwa, ashana. Abin da ba ya shiga: dusa da ƙulin auduga, domin suna jan laima su yi funfuna, kuma abinci mai funfuna guba ne ga dabba da mai shan nononta. Magani ma ba ya shiga, takardu na asali ba sa shiga.

Fetur da makami kuwa, kada ma a yi tunaninsu. A halin da ƙasa ke ciki, duron da aka binne a daji na iya jawo wa mai shi zargin da zai yi wuyar wankewa. Saboda haka mai gari ko arɗo ya san cewa kana da ajiyar cimaka a yankinsa, ko da bai san daidai wurin ba. Ɓoyon daga ɓarawo ne, ba daga hukuma ba.

Game da haki da harawa: a ɗora su sama, a share kewaye har ƙasa ta fito fes, kuma kada a tara su wuri ɗaya. Dokar makiyaya ta 2010 ta sa ƙa'idoji kan kwasar haki da tara shi a daji, don haka a tuntuɓi hukumar kula da filaye ta kwamin kafin a yi babban tari.

Ranar da abin ya zo

In wuta ce, rai ne farko. A kwance dabbobin da ke ɗaure, a ɗauki yara da tsofaffi da jaka. Kada a yi tsere da wuta ta inda iska ke kaɗawa, ta fi ka gudu. A ratsa gefe, a nufi fili marar haki: bakin rijiya, gonar da aka share, hanyar tare wuta, ko inda ya riga ya ƙone ya huce.

In hadarin farkon damina ne, kada a kwana da garke a cikin kwari. A hau tudu, a kare raunana daga iska, a ba su dusa kafin ruwa ya sauko. Dabbar da ta rame, sanyin dare ɗaya ya ishe ta. In sabon haki ya tsiro, kada a sake su a kansa da yunwa: a fara ba su busasshe da safe, domin kauce wa zawo da kumburi. Dabbar da ba ta saba da dusa ko ƙulin auduga ba a fara mata da kaɗan, a ƙara cikin mako guda. Ƙulin auduga kuma ba na ƴan maruƙa da ƴan tumakin da ba a yaye ba ne.

Tun yau gida ya san mahaɗa biyu: in mun rabu, mu haɗu a wuri kaza, in ba ya shiguwa, sai wuri kaza. Yara su haddace sunan mahaifi, sunan gari da lambar salula ɗaya.

Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ba zai iya sayen buhu 7 ba, zai iya shiga sayen haɗin gwiwa. Matan da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a nan jihar Maraɗi a 1991, sun riga sun san yadda ake ware kuɗin taimakon gaggawa. Maza su koya daga gare su. Inda akwai kwamitin gargaɗin gaggawa na ƙauye, a riƙa kai masa labarin haki, ruwa da cuta, domin ta nan labari ke hawa zuwa ma'aikatar magajin gari.

Ga tambayoyi biyar da nake so kowace ƙungiya ta amsa a taronta mai zuwa:

1. Gida nawa ne ke da jaka a rataye yau?
2. Buhu nawa ke bankinmu, kuma wa ya ƙirga su da idonsa?
3. Waɗanne rijiyoyi za mu nufa in tamu ta gaza, kuma mun yi magana da masu su?
4. Wa zai ɗauki tsofaffi, masu ciki da naƙasassu in tashi ya kama?
5. Yaushe za mu share hanyar tare wuta?

A sa lokaci biyu na duba kaya: bayan girbi, da kuma watan Afrilu kafin tsananin rani. A ci tsohon hatsi a zuba sabo, a sauya batir, a fitar da maganin da ya lalace a binne shi inda yaro da dabba ba za su kai ba.

Wanda bai iya yin duka a wannan mako ba, ya fara da leda biyu da takardunsa, gobe ya ƙara igiya. Tsaro na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi. Wanda ke da wata dabarar ajiya da ya gada ko ya gwada, ya faɗa wa ma'aikacin kiwo na yankinsa domin sauran ƴan uwa su amfana.

Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.